Matakala ukku

Shekara 14 ke nan ina koyar da manya karatu a wani gari na jihar Maraɗi. Cikin ɗalibaina akwai wani saurayi da shan inna ta kama tun yana goye. Ƙafafunsa biyu sun shanye. Da keken guragu yake zuwa aji, irin mai ƙafa ukku da ake tuƙawa da hannu. Amma wajen lissafi babu mai kama shi. Kafin in gama rubuta tambaya bisa allo, ya ba da amsa.

Da bankin cimaka na garinmu ya nemi magatakarda, ni na kai sunansa. Wasu dattawa suka ce: "Malam, wanda ba ya ɗaukar buhu, me zai yi a magaza?" Na ce aikin na alƙalami ne: tiya nawa ta shiga, tiya nawa ta fita, wa ya biya, wa ake bi. Suka yarda. Na koma gida ina murna, ina ganin na gama nawa.

Bayan wata biyu ya zo gidana da magariba. Muka gaisa, ya yi shiru. Can ya ce: "Malam, zan aje aikin." Na ce: "Ƙanena, kuɗin ne ba su isa ba?" Ya ce a'a. Sai da na matsa masa ya faɗa mini.

Ƙofar magazar tana da matakala ukku. An ɗaga ta don kada ruwan damina ya taɓa hatsi. Kullum da safe sai ya bar kekensa a rana, ya rarrafa ya hau, masu sayen hatsi suna kallo. Teburin ya yi masa tsawo, bisa buhu yake rubutu. Abin da ya fi tada mini hankali shi ne makewayi. Ƙofarsa ƴar ƙarama ce, keke ba ya shiga, ƙasan kuma kun san yadda yake. Saboda haka ba ya shan ruwa tun safe har a tashi aiki, cikin zafin watan Afrilu. Ni kuwa kowane mako ina shiga magazar nan, ban taɓa ƙidaya matakalar ba.

A shekarar 1993 an yi doka a Nijar: duk ma'aikatar da ke da mutum 20 ko fiye, ta ware kashi 5 cikin 100 na guraben aiki ga naƙasassu. Wato cikin mutum 20, guda ɗaya. Mu ba mu kai 20 ba, dokar ba ta hau kanmu ba. Amma a ganina, ko inda ta hau, in aka ba mutum aiki aka bar shi yana rarrafe bakin ƙofa, rabin aiki aka ba shi.

Na kai magana gaban kwamiti. Ma'aji ya yi gunaguni, amma ya fidda kuɗin siminti. Ranar hutu muka kira magini ya yi gangare. Ba mu gaya wa mai abin ba, wai mu ba shi mamaki. Da ya zo ya gwada hawa, keken ya koma da baya, saura kaɗan ya kife. Ya yi dariya ya ce: "Malam, da kun tambaye ni." Wallahi na ji kunya.

Wani ma'aikacin likita ya taɓa gaya masa ƙa'idar: kowane santimita 1 na tsayi yana son santimita 12 na gangare. Ya auna matakalar, santimita 45 ce. Ya zana a ƙasa da yatsa: 45 sau 12, 540. Wato mita 5 da santimita 40. Namu bai kai mita 2 ba. Ku ma ku gwada lissafin bisa allonku.

Aka fasa, aka sake. Wannan karon yana zaune yana nuna wa magini. Aka faɗaɗa ƙofar makewayi, kafinta ya yi kujerar katako mai rami, aka kafa ƙarfen dafawa jikin bango. Teburin kuwa ƙafafunsa kawai aka rage da zarto.

Yanzu ƴan dako ma ta gangaren suke tura baro, tsofaffin mata kuma sun daina neman mai riƙe musu hannu. Jiya na leƙa magazar. Na iske shi yana rubutu, ga gorar ruwa kusa da littafinsa, ya sha rabi.