Jan Fenti A Bango: Ina Rabon Ɗan Haya?

Mu da muka tashi a gidan haya, kuma har yanzu muke cikinsa, ba abin da ke tayar mana da hankali kamar mu wayi gari mu ga an shafa jan fenti a bangon gida. Alama ce ta cewa hanya ko magudanar ruwa za ta bi ta nan.

A bara aka yi haka a bayan makarantarmu. Yara uku suka daina zuwa aji. Da muka bi sawu, sai muka tarar da uwar ɗayansu zaune a kan ƙullin kayanta. Ta ce mana, "Malam, mai gida ya karɓi nasa, mu kuwa ko sisi." Wata huɗu ke nan da ta biya hayar shekara biyu, kuɗin da ta tara daga sayar da koko da ƙosai. Ba ta da rasit, don a zango kunya muke ji mu nemi takarda a hannun dattijo. Mai gidan ya ce ta yi haƙuri.

To, wannan ba sabon abu ba ne a wurinmu. Kakanninmu sun sha ba mu labarin Kete-Krachi, garin Alhaji Umaru, yadda ruwa ya ci tsohon garin da zangonsa bayan an tare kogin Volta a Akosombo a 1964. Mutum wajen 80,000 aka tayar, aka gina musu matsugunai 52. Su dai an ƙidaya su, an ba su inda za su sa haƙarƙari, ko da yake da yawa sun koka da ƙanƙantar gidajen.

Yau kuwa Tsarin Mulkin 1992, a sashe na 20, ya ce in gwamnati ta karɓi dukiyar mutum don amfanin jama'a, dole ta biya diyya mai adalci ba da jinkiri ba, in kuma an tayar da mazauna wuri, a sake tsugunar da su a inda ya dace. A lura, mazauna aka ce. Amma ranar da ma'aikata suka zo da awo, gini suke aunawa, su tambayi mai takardar fili. Ɗan haya ba shi da bulo ko ɗaya a wurin, sai a wuce shi.

Alhali shi ne ya fi shan wuya. Dokar haya ta 1963 ta hana karɓar kuɗin da ya wuce na wata shida a gaba, amma wa ya taɓa samun ɗaki a Nima ko Mamobi da haka? Sai ya sake nemo na shekara biyu, ga kuɗin mota, ga masu sayen kokonsa da ya bari a baya. Mu a ganinmu, kuɗin tashi na ɗan haya a hannunsa ya kamata a sa shi, ba a hannun mai gida ba. Ayyukan da Bankin Duniya ke ba da kuɗinsu sukan rubuta sunan ɗan haya dabam, wato abu ne mai yiwuwa.

Mun kai wa Sarkin Zango maganar, ya yarda limamai su riƙa sanarwa a masallaci cewa kowa ya karɓi rasit, kuma ya tsaya a gida ranar ƙidaya. Cikin yaran nan uku, biyu sun dawo. Na ukun an ce suna Ashaiman wurin kawunsa, sunansa na nan a rajistarmu ba mu soke ba tukuna.