Gadon Da Kakana Kuku Ya Bar Mini

Tun ina ƙarama na san cewa kakana na wajen uba ya yi aikin kuku a gidan wani Bature jami'in mulki, tun kafin samun 'yancin kai a 1960. Ba zan ɓoye wa mai karatu ba, wannan magana ta daɗe tana ba ni kunya. Idan ƙawayena suna alfahari da kakanninsu malamai da fatake, sai in ja bakina in yi shiru, domin a unguwarmu namijin da ke tsugunawa gaban murhu abin zolaya ne, balle wanda ya yi wa Nasara girki.

Ana nan sai tsufa ya kwantar da shi. Haƙora suka zube, tuwo ya gagare shi, ko kunu sai an yi da gaske yake kurɓa. Wata rana da damina, na zo hutu daga jami'a, ya kira ni ya ce, "Amarya, da zan sami fai ɗin kastad da na ci." Nan da nan na sayo garin kastad na kanti, na dama masa mai kauri. Ya ɗanɗana, ya ture kwanon, ya ce, "Wannan ai koko ne ya ci ado."

Haƙiƙa gaskiya ya faɗa. Garin nan wani mai harhaɗa magunguna ne, Alfred Bird, ya ƙago shi a birnin Birmingham na Ingila a 1837, saboda jikin matarsa ba ya jituwa da ƙwai, kuma ba wani abu ba ne illa sitacin masara da launi da ƙamshi. Shi kuwa kastad na asali ƙwai ne da madara da sukari, a zuba su cikin ɓawon fulawa a gasa. Mutanen Ingila sun yi ɗaruruwan shekaru suna cin sa, suka zo da sha'awarsa ƙasarmu, amma hannun da ya gasa musu shi a nan na irin su kakana ne.

Washegari bayan sallar asuba ya sa aka jingina shi da bango, ya shiga ba ni umarni. Ya ce aikin sanyin safiya ne, domin da rana ta ɗaga man shanu zai narke, ɓawo ya yi tauri. Ma'auninsa gwangwanin madara ne. Na auna fulawa gwangwani 2, man shanu rabin gwangwani, da ɗan gishiri, na murtsuke su da kan yatsu har suka yi kama da tsaki, sa'an nan na haɗe su da ruwan randa cokali 3. Na murza ƙullin da kwalba, na shimfiɗa shi a faranti mai ɗan zurfi. Na kaɗa ƙwan zabi 4, wanda damina ce lokacinsa, da sukari cokali 4, da madara gwangwani 1 da ruwa gwangwani 1, na tace da rariya, na barbaɗa gyaɗar ƙamshi. Tanderunmu kuwa tukunyar ƙarfe ce da yashi a ƙasanta, garwashi a ƙarƙashi, garwashi bisa murfi.

A nan ne na yi ɓarna. Ganin abin ya ƙi sauri, sai na ƙara wuta na hau fifita. Ko da na buɗe, kastad ya kumbura ya tsage, ya yi ramuka, ruwa na tsattsafowa. Kaka ya yi dariya har da tari, ya ce, "Amarya, sauri ya haifi nawa. Ƙwai ba ya son tafasa. Idan zafi ya wuce kima sai ya ƙanƙance, ya matse madarar da ya riƙe." Ya ƙara da cewa a fara gasa ɓawon shi kaɗai kafin a zuba ruwan ƙwai, kada ƙasansa ya jiƙe, kuma a sauke tun tsakiyarsa tana ɗan rawa, domin zafin jikinsa zai ƙarasa shi.

Kwana 2 bayan haka na sake gwadawa. Na zauna gaban tukunya wajen minti 40, ina rage garwashi ɗaya bayan ɗaya, shi kuwa idonsa a rufe, yana bin ƙamshi da hanci. Can sai ya ce, "Sauke." Da ya huce na yanka, ya tsaya cak, sumul, launin ƙwaiduwa. Ya ci yanka guda har da ƙari, abin da ya yi makonni bai yi ba.

A ranar na gane cewa mutumin da nake jin kunyar sana'arsa masani ne. Bai taɓa karanta littafin girki ba, ba shi da sikeli ko ma'aunin zafi, amma ya san halin ƙwai da wuta kamar yadda maƙeri ya san ƙarfe, kuma da wannan sani ya ciyar da iyali, ya sa mahaifina a makaranta.

Kafin wata damina ta zagayo ya riga mu gidan gaskiya, Allah Ya ji ƙansa. Yanzu duk wanda ya tambaye ni sana'ar kakana, sai in ce kuku ne, in kuwa yana da lokaci, in hura garwashi in nuna masa.