Filayen wasa shida na Kwaddebuwa: daga Ebimpe zuwa Korogo

Duk ɗalibin da ya kalli Gasar Kofin Nahiyar Afirka da aka yi daga 13 ga Janairu zuwa 11 ga Fabrairun 2024 ba zai manta da daren ƙarshe ba, lokacin da Kwaddebuwa ta ci Najeriya 2 da 1. Sai dai talabijin ciyawa da 'yan wasa kawai take nuna mana. Ƙasashe 24 ne suka buga wasanni 52 a filaye shida da ke garuruwa biyar, kuma kowane fili yana da labarinsa. Ku biyo mu a wannan mako mu zaga su ɗaya bayan ɗaya.

Mu fara da Abijan, birni mafi girma a ƙasar, wanda ke bakin teku, ga tafki ya raba unguwanninsa. Akwai Hausawa 'yan kasuwa da suka daɗe da zama a can, shi ya sa baƙon da ya shiga kasuwar Ajame zai iya jin ana ciniki da Hausa. Idan aka bar tsakiyar birnin aka yi arewa kamar tafiyar kilomita 20, sai a iske Ebimpe, inda filin wasa na Alassane Ouattara yake. Shi ne babba a cikin shidan, yana ɗaukar mutum 60,000. Kamfanin ƙasar Sin ne ya gina shi, aka buɗe shi a watan Oktoban 2020. Dogayen ginshiƙai farare sun kewaye shi, tun daga nesa ake hango su.

Amma kyan gini daban, kyan fili daban. A watan Satumban 2023, saura wata huɗu a fara gasa, Kwaddebuwa ta yi wasan sada zumunci da Mali a nan. Aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, fili ya zama tafki, ƙwallo ta daina gudu, dole aka tsayar da wasa ba a ƙarasa ba. Abin lura a nan shi ne, fili mai kyau yana da yashi da tsakuwa da bututu a ƙarƙashin ciyawarsa, su ne ke janye ruwa. Idan wannan ɓoyayyen aiki ya samu matsala, yawan kujeru ba ya hana kunya. An gyara kafin baƙi su iso. Dama saboda damina ce aka ɗage gasar daga Yuni da Yulin 2023 zuwa Janairu.

A Ebimpe ne Najeriya ta ci masu masaukin baƙi 1 da 0 a wasan rukuni. A nan kuma Ikwatoriyal Gini ta lallasa su 4 da 0, har aka sallami kocinsu ana tsakiyar gasa, aka miƙa wa Emerse Fae ragama. Bayan kwana ashirin, a wannan fili dai, William Troost-Ekong ya fara ci wa Najeriya, Franck Kessie ya farke, sannan Sebastien Haller, wanda aka gano yana da cutar daji a 2022 ya yi jinya ya dawo, ya ci ta biyu. Filin da suka yi kuka a cikinsa, a cikinsa suka ɗaga kofi.

Fili na biyu yana tsakiyar Abijan, a unguwar Filato mai dogayen benaye. Sunansa Felix Houphouet-Boigny, wato sunan shugaban ƙasar na farko, amma mutanen gari Felisiya suke ce masa. Tsohon fili ne da aka yi wa gyaran fuska. A nan Ademola Lookman ya ci Kamaru ƙwallo biyu, ya kuma ci Angola ɗaya. Sai dai filin yana da tabo. Ranar 29 ga Maris 2009, kafin wasa da Malawi, jama'a suka yi turereniya a ƙofar shiga, mutum 19 suka rasu. Wanda ya san wannan labari ba zai yi ƙorafi ba idan ya ga ana duba tikiti ɗaya bayan ɗaya, ana raba mutane ƙofa-ƙofa.

Daga Abijan sai mu hau babbar hanya mu yi arewa, tafiyar kilomita 230 ko makamancin haka, zuwa Yamusukuro. Ga masu shirin jarrabawa, ku riƙe wannan: Yamusukuro ce babban birnin ƙasar tun 1983, ba Abijan ba. Gari ne mai faffaɗan tituna da ƙarancin hayaniya, ga katafariyar majami'a da ake hango ƙubbarta daga bayan gari, ga tafkin kadoji kusa da fadar shugaban ƙasa. Filin Charles Konan Banny mai ɗaukar mutum 20,000 yana nan. A cikinsa Kwaddebuwa ta fitar da Senegal mai riƙe da kofi a bugun fenareti.

Idan muka ƙara gaba sai Buwake, birni na biyu a girma, kuma filinta ne ya fi kowane nauyin tarihi. An gina shi don gasar 1984, aka faɗaɗa shi yanzu yana ɗaukar mutum 40,000. Da yaƙin basasa ya ɓarke a 2002, ƙasar ta rabu biyu, Buwake ta zama hedikwatar 'yan tawayen arewa. A 2007 Didier Drogba ya roƙi a kai wasan ƙasarsa da Madagaska can. Aka kai, aka ci 5 da 0, mutanen kudu da na arewa suka yi murna tare. A ƙarshen Yulin shekarar, a cikin wannan fili, aka ƙona bindigogi a gaban jama'a don nuna an daina yaƙi. Sunansa Filin Zaman Lafiya. A nan ne Stanley Nwabali ya kaɗe fenareti biyu na Afirka ta Kudu, Najeriya ta wuce wasan ƙarshe.

Korogo tana can arewa, kusan kilomita 600 daga Abijan, ba nisa da iyakar Mali da Burkina Faso. Ɗan Kano ko Maraɗi ba zai ji baƙunta sosai ba, domin a watan Janairu akwai hazo da busasshiyar iska irin ta hunturunmu. Ƙasar Senufo ce, masu noman auduga da kashu, masu saƙa da zane a kan tufafi. A filin Amadou Gon Coulibaly da ke nan ne Namibiya ta ci Tunisiya 1 da 0, nasararta ta farko ke nan a tarihin gasar.

Zango na ƙarshe shi ne San Pedro, a kudu maso yamma, bakin teku. Ta tashar jiragen ruwanta ake fitar da koko mai yawa zuwa ƙasashen waje, kuma Kwaddebuwa ce kan gaba a duniya wajen noman koko. An sa wa filin garin sunan Laurent Pokou, ɗan wasan da ya ci Habasha ƙwallo biyar shi kaɗai a wasa guda a gasar 1970. A nan Maroko ta ci Zambiya 1 da 0, sakamakon da ya ba masu masaukin baƙi damar tsallakewa da ƙyar. Da an tashi canjaras, da tun a rukuni sun fita.

Tambayar da ta rage ita ce: bayan baƙi sun tafi, me za a yi da filayen? Ciyawa tana son ruwa da aski kullum, fitilu suna son wuta, ma'aikata suna son albashi. Mu a Najeriya mun ga misali. Babban filin Surulere a Legas ya ga wasan ƙarshe na 1980 da na 2000, daga baya aka bar shi ya lalace shekara da shekaru. Akwai kuma ƙasashen da hukumar CAF ta ƙi amincewa da filayensu, sai sun je aro. Ita kanta Jamhuriyar Benin a Felisiya ta karɓi Najeriya a watan Yunin 2024, ta kuma ci 2 da 1.

Don haka idan kun je filin Sani Abacha a Kano, wanda shi ma ya ga wasannin gasar 2000, ko filin garinku, ku duba abubuwa uku: ina ruwan sama ke bi ya fita, ƙofofi nawa ne a buɗe, kuma wa ke kula da ciyawa ranar da babu wasa. Gina fili aikin shekara uku ne ko huɗu, riƙe shi kuwa aikin injiniyoyi ne da masana ciyawa da masu tsara taro har tsawon rayuwa, kuma wasu daga cikinsu yanzu haka suna aji tare da ku.