Na saurara ne don in samu hujjar hanawa

Cikin hutun da ya wuce na ƙwace wayar babban ɗana, mai shekara 16. Ina tsakar gida ina jin ƙarar da ke fitowa daga ɗakinsu kamar ana sauke kwanon rufi daga mota. Na tambaye shi mene ne wannan, ya ce, "Baba, punk ne." Na ce to yau punk a aljihuna zai kwana. Kwana uku, in ban da gaisuwa, ba abin da ke haɗa mu.

Mahaifiyarsa ce ta kama ni. Ta ce, "Malam, ka saurara ne, ko ƙarar kawai ka ji?" Ni kuwa malamin Ingilishi ne a kwaleji, kullum ina hana ɗalibai yin sharhi a kan littafin da ba su karanta ba. Da dare na ɗauko wayar, niyyata in samu hujja.

Na fara da faifan farko na Ramones, na 1976. Samari huɗu ne daga unguwar Queens ta birnin New York, waƙa 14 cikin minti 29, kowace sai ka ce ana korar ta. Ban ji daɗinsa ba, har yanzu ma. Na kuma samu hujjar da nake nema, domin akwai waƙa guda a kan shaƙar sholisho, abin da muke gani da idonmu a tashoshin mota. Da a nan na tsaya, da magana ta ƙare.

Amma na wuce zuwa London Calling na ƙungiyar The Clash, wanda ya fito a Ingila a watan Disamba na 1979. Waƙa 19 ne, fiye da awa guda, kuma ban tashi ba sai da ya ƙare. Ashe ba ihu ne zalla ba. Akwai kiɗan rege da suka koya wurin ƴan Jamaika mazauna Landan, akwai batun rashin aikin yi, da zaman doya da manja tsakanin ƴan sanda da matasan unguwar Brixton, har da yaƙin basasar Sifen. Wadda ta fi taɓa ni mai sanyi ce, a kan wani da ya tashi a gidan da ba wanda ya lura da shi. Na maimaita ta sau biyu, ina tunanin yaron da ke kwance a ɗakin da ke kusa. Da guntun bidiyo na daƙiƙa 30 aka nuna mini, irin wanda yaranmu suka saba da shi, da ban taɓa isa wurin ba. Faifai sai an bi shi daga farko zuwa ƙarshe, a jeren da masu shi suka tsara.

Na uku ya ba ni kunya, don na gida ne kuma ban san shi ba: Afrique Victime na Mdou Moctar, Buzu ɗan jihar Tawa, wanda kamfanin Matador na New York ya fitar a 2021. Da Tamashek yake waƙa, gitarsa kuwa tana da zafin da ya fi na Turawan nan. Mai kaɗa musu bas, Mikey Coltun, Ba'amurke ne da ya taso cikin masu punk na Washinton. Daga baya yaron ya ba ni labarin cewa gidan su Mdou ba sa son kiɗa, shi ya sa ya harhaɗa gitarsa ta farko da wayar birkin keke. Bai dube ni ba da yake faɗa, amma na gane inda zancen ya dosa.

Na mayar masa da wayar bisa sharaɗi biyu: a rage ƙara, kuma ba kiɗa sai an gama karatu. Maganar sholisho mun zauna mun yi ta, ya ce bai ma san abin da waƙar ke cewa ba. Yanzu yakan kawo mini baiti in fassara masa, makinsa na Ingilishi ma ya ɗan ɗaga. Ni kuma na sa masa Ɗan Maraya Jos, ya saurara har ƙarshe, sannan ya tambaye ni tsirkiya nawa ce a jikin kuntigi. Na ce ɗaya. Ya ce in tura masa.