Littafin Makin Wani Malami a Sabon Wuse

A Sabon Wuse, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Tafa, akwai wani malamin Turanci wanda ya gaji da jin magana ɗaya a ɗakin malamai, wai Bahaushe da Turanci sai a hankali, tun da har "p" yakan mayar "f". Ajinsa kuwa tamkar kasuwar Suleja yake: ga Gwari, ga Koro, ga Hausawa da Filani, ga kuma 'ya'yan Ibo da Yarabawa waɗanda tsadar haya a Abuja ta turo iyayensu nan.

Ran nan bayan jarrabawar ƙarshen zango ya ɗauko littafin maki, ya kasa sunayen bisa ga harshen gida. Lalle 'ya'yan Hausawa da na Gwari suka fi yawa a ƙasa. Ya yi shiru, domin ya san wanda bai sami kiredit a Turanci ba, shi da jami'a sai hange.

Amma da yake ya san gidajen yaran, sai ya sake kasawa, wannan karo bisa ga firamaren da kowa ya fito. Nan fa lissafi ya juye. 'Yar wani Bahaushe ma'aikacin gwamnati, wadda ta yi makarantar kuɗi, tana can sama. Ɗan wani Bayarabe bakanike, wanda ya yi firamaren da ake zama a ƙasa, littafi guda a hannun malami, yana ƙasa tare da 'yan ƙauye. Da ma WAEC da NECO insha'i da fahimta suke aunawa, sashen furuci ma a takarda ake amsa shi.



Cikin Nuwamban 2025 Ministan Ilmi, Dokta Tunji Alausa, ya soke manufar 2022 ta koyar da 'yan firamare da harshen uwa, ya kafa hujja da yawan faɗuwa a shiyyoyin da suka rungume ta. Malam ya tuna gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya fara a Ife a 1970, inda aka koyar da yara shekara shida da Yarabanci, Turancinsu kuma bai gaza na sauran ba.

Sa'an nan ya sake duban sunayen da ke ƙasan littafinsa. A cikinsu babu wanda aka taɓa koya wa lissafi da Gwaranci ko da harshen Koro, ko da rana ɗaya.