Ɗaki Ɗaya a Gonar Wani

Tsakanin Gaya da Ajingi akwai wata gona mai mangwaro a gefenta na gabas. Wani mutum ya shekara 11 yana kwana a cikinta, alhali ko taki ɗaya bai mallaka ba. Ƙwadago ne ya kawo shi daga wani ƙauye na ɓangaren Jigawa. Mai gonar ɗan kasuwa ne mazaunin birnin Kano. Da ya ga riƙon amanarsa sai ya damƙa masa komai: injin ban-ruwa, ragunan kiwo, da rumbunan gero da dawa. Irin wannan dukiya ba ta kwana ita kaɗai a daji, don haka ya kafa bukkar kara, ya zauna.

A shekara ta huɗu ya gaji da raba zuciya biyu, iyali a can, shi a nan. Ranar da mai gonar ya zo duba amfani, sai ya durƙusa ya ce, "Alhaji, ina neman alfarma. So nake in aza tubali, in ɗauko mai ɗakina da yara."

Alhaji ya ce, "Haba Malam, gonar ai taka ce. Ka dai fara sanar da mai unguwa."

Mai unguwa tambaya uku ya yi masa. Mai gona ya yarda? Wurin bai hau burtali ko hanyar ruwa ba? In wata magana ta taso, wa zai tsaya masa? Ya amsa duka, aka yi addu'a, aka shafa. Kafin saukar damina ɗaki ya tashi, da azara da kwano, aka kewaye shi da danga. Iyakar izinin da aka nema ke nan, kuma ba wanda ya ga akwai saura.

Zama a tsakiyar gona ba baƙon abu ba ne a ƙasar Kano. Masu bincike irin su Michael Mortimore da Polly Hill sun yi rubutu a kan karkarar da ke kewaye da birnin, inda gidaje ke warwatse cikin gonaki, ana noma ƙasa kowace shekara ba hutu, taki da toka suna riƙe ta. Manomi ya san gonar da ke bayan ɗaki ta fi ta nesa albarka, domin ita ke samun shara da kashin awaki. Haka kuma da rani makiyayi kan sauka a gonar wani da yardarsa, shanu su bar taki, shi ya samu kara da ruwa. Duk wannan da baki ake ƙulla shi, a gaban mai unguwa ko dagaci, in abu ya yi tsauri a kai wa hakimi.

Sai dai a bisa wannan tsari na gargajiya akwai wani na takarda. Tun a 1910 Turawan mulki suka sa ƙasar Arewa a ƙarƙashin ikon gwamna, dokar 1962 ta Jihar Arewa ta bi wannan sawu, sannan Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta shimfiɗa tsarin a kan Nijeriya baki ɗaya. A ƙarƙashinta ƙasar jiha amana ce a hannun gwamna. A yankin da aka ayyana a matsayin birni, shi ke ba da haƙƙin zama. A karkara kuwa ƙaramar hukuma ce ke ba da haƙƙin zama na gargajiya, don noma ko gida ko wata buƙata. Ba za ta wuce hekta 500 ga mai noma ko 5,000 ga kiwo ba sai da amincewar gwamna. Wanda yake noma gonarsa tun kafin dokar yana da damar ci gaba da nomanta, amma sashe na 36 ya hana yanka irin wannan gona fuloti-fuloti. Duk wanda ya bi bakin titi a garuruwan karkara ya ga turakun siminti jere cikin gonaki ya san nisan da ke tsakanin rubutun da aikin.

Ta fuskar gini ma haka. Dokar tsara birane da yankuna ta 1992 ta ce a nemi izini kafin a yi gini, kuma a Kano hukumar KNUPDA ce aka sani da wannan aiki. Amma idonta ya fi karkata ga birni da kewayensa. Ɗakin tubali a bayan Kademi ko Toranke, da wuya a tambayi mai shi zanen gini. Wannan sauƙi rahama ne ga talaka a ranar gini. Ranar rabuwa ce ake gane tsadarsa.

A Ingila an bi ta wata hanya dabam. Tun daga dokar tsara gari da karkara ta 1947, mallakar fili ba ta ba mutum damar gini a kansa kai tsaye, kuma sabon gida shi kaɗai a tsakiyar karkara abu ne da hukuma ke ƙyama, don kada gonaki su narke su koma unguwanni. Ɗaya daga cikin ƙofofin da aka bari ita ce ta ma'aikacin gona. Mai nema sai ya nuna cewa aikin yana buƙatar mutum a kusa dare da rana, kamar dabbobi masu haihuwa, kuma gonar za ta iya ɗaukar nauyin kanta. Sabuwar gona akan fara ba ta izinin masauki na wucin gadi, yawanci na shekara 3. In an ba da izinin gida, sai a ɗaura masa sharaɗi: ba mai zama cikinsa sai mai aikin gona a yankin, ko wanda ya yi ritaya daga aikin, ko matar da ya mutu ya bari da iyalinsa. Wata doka ta 1976 kuma ta ba ma'aikatan da ke zaune a gidajen iyayen gidansu kariya daga korar gaggawa.

Ba a cewa a kwaso wannan tsari a dasa a Ajingi. Da an nemi mutumin nan ya kawo lissafin ribar gona kafin ya aza tubali, da har yau yana cikin bukka. Abin lura shi ne tambayar da kowane tsari ke yi. Can ana tambayar me zai faru da gidan bayan mai gona ya canza. Nan ana tambayar ko mai gona ya yarda yau.

A shekara ta goma sha ɗaya Allah ya yi wa Alhaji rasuwa. Bayan sadakar arba'in aka zauna rabon gado, gonar ta faɗa hannun magada da yawa, waɗanda mafi yawansu ba su taɓa kwana a cikinta ba. Titi ya matso, dillalai sun fara zarya, kowa na son kasonsa a kuɗi. Ba mugunta suka yi ba. Haƙƙinsu suke nema. Sai dai a lissafin da aka yi, an ƙirga mangwaro, an ƙirga inji, ba a ƙirga ɗakin ba, domin ba a san a wane layi za a sa shi ba. Mai unguwar da aka yi maganar a gabansa shi ma ya riga mu gidan gaskiya. Zanen aro, in ji Hausawa, ba ya rufe katara.

Fiƙihu bai bar wannan matsala ba amsa ba. Malaman Malikiyya sun yi bayanin wanda aka ara wa ƙasa ya yi gini da izini. Idan wa'adin aron ya cika, ko lokacin da al'ada ta sani ga irin wannan aro ya wuce, mai ƙasa yana da zaɓi: ko ya ce mai gini ya kwashe kayansa, ko ya riƙe ginin ya biya shi ƙimar kayan a matsayin rusassu. Wato ba ya tashi hannu rabbana, amma kuma ba ya zama mai gona. Dokar 1978 ma, idan gwamnati ce ta karɓi fili don amfanin jama'a, diyyar da take biya ta abin da ke kan ƙasar ce, gini da shuka. A kowace hanya aka bi, abu ɗaya ake fara nema: shaidar cewa shi ya gina, kuma da izini.

Nan ne gyara mai arha yake. Takarda ɗaya ta isa: sunan mai gona da na mazauni, girman wurin, wanda ya sayi azara da kwano, tsawon wa'adi, watannin da za a ba shi in za a tashe shi, da yadda za a ƙimanta ginin. Shaidu biyu su sa hannu, dagaci ya buga hatimi, a ajiye kwafi a sashen filaye na ƙaramar hukuma. Masarautar Gaya, wadda tun 2024 ta ƙunshi Gaya da Ajingi da Albasu, tana da hakimai da dagatai da suka san kowace gona da iyakarta. Mutane kan ji nauyin neman takarda daga mai kyautata musu, kamar zargi ne. Amma mai gonar da ke ƙaunar yaronsa shi ya fi cancanta ya rubuta, tunda ba shi zai yi rabon gadon kansa ba.

Shi dai mutumin nan, wani dattijo da ya taya shi dakan tubali ne ya tashi ya ba da shaida a gaban dagaci. Babban ɗan marigayin ya saurara, ya sunkuyar da kai, ya ce, "Baba, ka zauna har a cire amfanin bana. Kwano da azara naka ne, kuma za mu ƙara maka abin da za ka kama wani wuri."

Ya yi godiya. Da kaka ta yi, ya hau ya ɓamɓare kwanon ɗaya bayan ɗaya, yana tara ƙusoshin a cikin gwangwani, yaransa na miƙa wa mai amalanke azara. Bangon tubalin ne kawai bai ɗauku ba.