Kuɗin Amo: Wata Garaya da Akwatinta a Dawaki

A Dawaki, can ƙasar Rano wajen Kibiya, akwai wani makaɗin garaya da ya gaji sana'ar daga mahaifinsa, kamar yadda mahaifin ya gada daga nasa uban. Gidansu gidan makaɗan maharba ne. A zamanin da farauta take da ƙarfi, lokacin da ake haɗa gayya da rani a nausa dazuzzukan kudu wajen Falgore, garayar gidan ce ke tayar da tsimin maza. Yanzu farauta ta ja baya, abin da ya rage masa shi ne bikin aure da suna da ɗan wasan kaka. A can ɗin ma ya tarar da abokin gāba wanda kakansa bai san shi ba, wato yaron nan da ke zuwa da janareta da manyan lasifikoki da waya cike da waƙoƙin situdiyo. Ita kuwa garaya abin kiɗa ce mai ƙaramar murya: tsirkiya biyu bisa fatar gada, sai 'yar ceba a ƙarshen sanda tana karkarwa. An yi ta ne domin da'irar mutanen da ke zaune kusa, suna iya ganin yatsun makaɗi.

Da kaka ta yi, ya sayar da gyaɗarsa, ya hau mota ta Bunkure zuwa Kano, da niyyar sayen amfilifaya, akwatin nan mai ƙara wa kiɗa ƙarfi. A kasuwar Sabon Gari ya ga sababbi birjik, ƙanana, masu batir, waɗanda za a rataya a kafaɗa a hau babur. Kuɗin guda bai wuce na buhun masara biyu ba. Har ya kusa biya, sai wani ya yi masa kwatancen shagon wani tsohon mai gyaran rediyo da ke da wani akwati na daban. Akwatin na jita ne, irin wanda 'yan badujalar otal-otal na Sabon Gari suka yi amfani da shi shekaru aru-aru da suka shuɗe. A cikinsa akwai ƙwayayen gilashi masu yin ja idan sun ɗau zafi, waɗanda masu gyara ke kira bawul, kuma tsohon ya warware shi kaf ya sake ɗinke wayoyinsa da hannu. Ya ce kuɗinsa buhu goma sha biyu.

Abin da ya kama makaɗin shi ne tsohon ya ƙi yin ciniki. Ya ce, "Samari, koma ka ɗauko garayar. Ba na sallama shi ga wanda ban ji hannunsa ba." Mako na zagayowa ya dawo da ita. Tsohon ya manna wani ɗan faifai mai ɗaukar sauti a jikin fatar, ya sa shi ya yi ta kaɗawa tun hantsi har azahar, shi kuma yana cire wannan yana sa wancan, yana karkata kunne kamar mai sauraron numfashin majinyaci.

A nan ya kamata a ɗan dakata, domin bambancin da makaɗin ya ji a ranar shi ne tushen maganar gaba ɗaya. Garaya, kamar kalangu da kotso, magana take yi. Hausa harshe ne mai karin sauti, kuma yana rarrabe dogon wasali da gajere. Saboda haka idan makaɗi ya kaɗa taken wani maharbi, hawa da saukar muryar kirarin da tsawon gaɓoɓinsa yake kwaikwaya da tsirkiya. Mai taken yana jin sunansa ko da ba a buɗe baki ba. To, ƙaramin akwatin nan mai araha yana ɗaga ƙarar ceba da ƙarar bugun fata, ya haɗiye amon babbar tsirkiya, ya datse wutsiyar kowane sauti kafin ya gama mutuwa. Sai a ji kiɗa mai ƙarfi wanda za a iya takawa, amma gaɓa mai nauyi da marar nauyi sun zama ɗaya, kamar rubutun da aka zubar wa ɗigo da ƙugiya. Akwatin tsohon kuwa ya bar sautin ƙasa da kaurinsa, ya bar dogon amo ya ja har ya ƙare da kansa. Makaɗin ya ce a ransa, yau ne karo na farko da ya ji garayarsa daga waje, yadda mai sauraro ke jin ta.

Wannan hali na tsohon yana da takwara a nesa. A Amurka an yi wani maƙerin irin waɗannan akwatuna mai suna Alexander Dumble, wanda ya rasu a 2022. Abin da ya ƙera tsawon rayuwarsa bai fi ɗari uku da wani abu ba, kowanne da hannu, kuma yakan saurari makaɗi ya daidaita akwatin da salon bugunsa. Cikin waɗanda suka yi amfani da nasa akwai Carlos Santana da Stevie Ray Vaughan. Har wani danƙo yake zubawa bisa kayan ciki don kada a kwaikwaye shi. A yau akan sayar da wasunsu sama da dala dubu 100, kuma masu jita suna ta gardama ko sauti ake saye ko suna. Gardamar tana da dalili, domin akwatin da aka daidaita da hannun wani, idan ya koma hannun attajirin da ke tara kayan tarihi, abin da ya sa shi tsada tun farko ya riga ya fita daga cikinsa. Masu cewa tsada banza ce su ma suna da hujja a gida: kuntigin Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, tsirkiya ɗaya ce bisa ɗan ƙaramin gwangwani, kuma da shi ya zaga duniya. Sai dai Ɗanmaraya mawaƙi ne, baki ke ɗauke da saƙonsa, kuntigi na rakiya. Makaɗin Dawaki yatsunsa ne bakinsa.

Ya saya. Ya ƙara da ɗan bijimin da yake kiwo, ya ci bashin sauran a wurin wansa. Matarsa ba ta ce komai ba sai da ta ga an sauke akwatin, mutum biyu na nishi, sannan ta ce, "Maigida, to takin bana fa?" Ya amsa mata da cewa araha ba ta ado. Ta ce ita ba ta taɓa ganin an yi tuwo da ado ba.

Bikin farko da ya kai shi a Kibiya ne. Babur bai iya ɗaukarsa ba, sai da ya yi hayar kura. Akwatin ba ya aiki da batir, don haka dole ya roƙi yaron lasifika ya ba shi wuta daga janaretansa, wutar kuma tana hawa tana sauka. Duk da haka ya kaɗa, kuma bai taɓa kaɗa kamar na ranar ba. Matasa suka yi rawa, aka yi liƙi daidai yadda aka saba, ba ƙari. Ya kaɗa taken gidan ango, gidan da kakanninsa maharba ne sanannu, ba wanda ya ɗaga kai. Wani ma ya matso ya ce, "Malam, ƙara murya mana, ba ma ji." Ashe abin da ya sayar da bijimi domin ya fito da shi sarari, babu mai karanta shi a filin. Kafin damina ta faɗi ya koma Sabon Gari ya sayi ƙaramin nan na buhu biyu, shi ne yake yawon biki da shi har yau, kuma ba a taɓa yi masa ƙorafi ba.

Idan lissafin kasuwa za a bi, ya yi asara, kuma matarsa ce ke da gaskiya; gonarsa ta nuna haka a kakar da ta biyo. Babu amfanin a yi wa wannan kwaskwarima. Amma akwatin bai zauna a banza ba. Mahaifinsa ya tsufa, kunnensa ya yi nauyi, ya yi shekaru ba ya jin garaya sai dai ya ga ana kaɗawa. Wani dare da aka kawo wuta, ɗan ya jona akwatin a zaure, ya jira ƙwayayen suka yi ja, ya soma kaɗa tsofaffin take a hankali. A na uku tsohon ya ɗaga hannu ya ambaci sunan mai taken, wani abokin farautarsa da ya daɗe a ƙasa. Sannan ya ce, "Sake. Ka gajarce ta biyun, ja ta." Ɗan ya sake. Shekara ashirin yana kaɗa wannan take da kuskure, babu wanda ya ji balle ya gyara masa. Tun daga ranar wasu dattawa uku ko huɗu sukan zo zauren idan akwai wuta, ana kaɗawa suna faɗin masu take da abin da kowanne ya kashe da dajin da ya kashe shi, wani sa'in su yi musu har dare ya raba.

Manazarta waƙar baka sun yi aiki mai yawa a kan matani da kayan kiɗa, tun daga ƙamus ɗin kiɗan Hausa na Ames da King na 1971 zuwa Jagoran Nazarin Waƙar Baka na Sa'idu Muhammad Gusau na 1993. Abin da bai samu kulawa sosai ba shi ne na'urar da ta shiga tsakanin tsirkiya da kunne. Kusan duk kiɗan gargajiyar da ake ji a fili a yau ta cikin irin ƙaramin akwatin nan yake fitowa, kuma ɗalibin da ya je ɗaukar take a biki da wayarsa, abin da akwatin ya rage masa shi yake kawowa jami'a ya yi sharhi a kai.

A watan azumin da ya wuce ɗaya daga cikin ƙwayayen gilashin ya ƙone. Makaɗin ya naɗe shi a tsumma ya kai Kano, ya tarar tsohon mai gyara ba ya fitowa shago saboda ciwon ƙafa, yaransa kuma waya kawai suka iya gyarawa. Sun ce za su tambaya a Legas. Har yanzu akwai sauran buhu biyu na bashin wansa, akwatin kuma yana zaure an lulluɓe shi da tsohon zane saboda ƙura. Mahaifinsa kan tambaya duk bayan sallar isha'i ko an samo ƙwan.